Lambar da Ake Dasawa a Gangar Ƙaramin Jirgin Ruwa

A ƙasar Amurka, inda tafkuna da koguna da gaɓar teku suka yalwata har mallakar ƙaramin jirgin ruwa ta daina zama alamar ƙasaitar dukiya, ta koma abin da malamin makaranta da kafinta da ɗan fansho kan ajiye a bayan gida don su da shan iska ranar hutu, adadin jiragen da ke cikin rajistar hukuma ya haura miliyan 11. Abin da ya kai wannan yawa, alhali da yawa daga cikinsa masana'anta ɗaya ta zuba shi, launi ɗaya, tsawo ɗaya, ba ya yiwuwa a rarrabe shi da ido kawai. Saboda haka, tun daga ranar 1 ga Nuwamba 1972, ba a halatta wa kowa ya ƙera irin wannan jirgi don sayarwa, ko ya shigo da shi daga wata ƙasa, face ya dasa masa lamba a gangar jikinsa, wadda su can suke taƙaita sunanta da HIN, kuma wadda za ta zauna tare da shi tun daga ranar da ya fara taɓa ruwa har ranar da za a farfasa shi.

Wajibi ne tun da fari a bambanta ta da manyan haruffan nan da ake gani a goshin jirgi, hagu da dama. Waɗancan lambar rajista ce ta jiha, da fenti ake rubuta ta ko a manna, tsayinta ba ya gaza inci 3, kuma idan mai jirgi ya yi ƙaura daga Fulorida zuwa Mishigan sai a kankare ta a ba shi wata. Matsayin lambobin biyu ɗaya da lambar mota da lambar shasi: ta farko ta hukuma ce, tana sauyawa, ta biyu kuwa ta ƙarfen ce kansa.

Asalin al'amarin wata doka ce da majalisar ƙasar ta zartar a 1971 game da lafiyar ƙananan jiragen ruwa, wadda ta ba Hukumar Tsaron Gaɓar Teku ikon shimfiɗa wa maƙera ƙa'idoji. Mutane da yawa suna zaton don maganin ɓarayi aka ƙago lambar, amma maƙasudin farko ba shi ke nan ba. Idan ta bayyana cewa wani kamfani ya fitar da jirage masu aibi, misali tankin mai yana yoyo, ko kuwa abin da aka cusa a cikin gangar don hana ta nutsewa bai wadatar ba, to lalle ne a san ko waɗanne ne, a wane wata aka yi su, suna hannun wa, domin a kira su a gyara tun rai bai salwanta ba. Daga baya ne 'yan sanda da kamfanonin inshora da masu ba da rance suka ga ashe sun sami abin dogaro, har fa'idar da ta zo daga baya ta kusa rufe ta asali.

Lambar haruffa da alƙaluma 12 ce, a jere, ba tazara, ba ɗigo, kuma wanda ya san ƙa'idarta yana karanta ta kamar takarda. Uku na farko sunan maƙeri ne a dunƙule, hukumar ce ke ba kowane kamfani nasa. Biyar da ke biye lissafin jirgin ne a cikin masana'anta, kamfani ke tsara shi yadda ya so, da sharaɗin kada ya sa harafin I ko O ko Q, saboda suna rikicewa da 1 da 0, musamman bayan gishirin teku da rana sun ci wurin shekara da shekaru. Huɗun ƙarshe su ne tarihi. Bisa tsarin da aka wajabta tun 1 ga Agusta 1984, na tara harafi ne da ke nuna wata, A Janairu, B Fabrairu, haka har L Disamba. Na goma shi ne alƙalamin ƙarshe na shekarar ƙira. Biyun da suka rage kuwa shekarar samfuri ce, watau shekarar da kamfani ke tallata jirgin da ita. Jirgin da lambarsa ta ƙare da J920, a watan Oktoba na 2019 aka yi shi, samfurin 2020 ne. Kafin 1984 tsari biyu ne ke tafiya tare, a ɗayansu ma daga Agusta ake fara ƙidayar watanni, shi ya sa mai duba tsohon jirgi yake bukatar ihtiyaɗi kafin ya yanke hukunci a kan shekarunsa.

Ba a bar wa maƙeri zaɓin wuri ba. A bayan jirgi akwai allon nan mai kauri inda ake rataya inji. A fuskarsa ta waje, ta hannun dama ga wanda ke cikin jirgi yana duban gaba, cikin inci 2 daga sama, nan ne mazaunin lambar. Jirgin da ba shi da wannan allo, irin kwalekwalen da ke da tsini gaba da baya, sai a sa masa a gefen dama, kada ta yi nisan da ya wuce ƙafa 1 daga ƙarshensa. Tsayin kowane harafi kada ya gaza rubu'in inci. Hikimar a fili take: jami'i ya iya karanta ta jirgi yana kan ruwa, ba sai an jawo shi tudu ba.

Amma zuciyar mas'alar, wadda ita ce ta fi cancantar a dakata a kanta, ita ce ma'anar dawwama. Waɗanda suka rubuta dokar sun san sarai cewa babu wani rubutu da hannun ɗan Adam ya yi wanda hannun ɗan Adam ba zai iya shafewa ba, muddin akwai giranda da samfefa da dare mai tsawo, don haka ba su ɗora wa maƙeri abin da ba ya iyawa ba. Abin da suka nema shi ne a sassaƙa lambar, ko a ƙona ta, ko a buga, ko a zuba ta tare da gangar, ko a manne ta, ta yadda duk wanda ya sauya ta, ko ya cire, ko ya musanya, aikinsa zai fito fili ga mai dubawa. Idan a kan wani ɗan faranti na dabam aka rubuta ta, to a kafa shi kafawar da ɓamɓare shi ba zai yiwu ba sai ya bar tabo a jikin jirgin. Kuma haramun ne a sa ta a kan abin da ake kwancewa a mayar. A ganina wannan shi ne mafi kaifin hankali a cikin dokar baki ɗaya, domin ta ɗauke nauyin shaida daga kan lambar ita kaɗai ta raba shi da tabon: in lambar tana nan ta yi magana, in kuma an gusar da ita, gurbinta ya tona asiri.

Kowane irin jiki da hanyar da ta dace da shi. Jirgin faiba, wanda ya yawaita a yau, a cikin mazubi ake yin sa, daga waje zuwa ciki. Kafin a fesa fatar farko, ma'aikaci yakan manna wani siririn tef mai ɗauke da lambar a jikin mazubin, haruffan a juye kamar na hatimi, sa'an nan a fesa, a shimfiɗa zaren faiba, a shafe da danƙo, a bar shi ya daskare. Ranar da aka zare jirgin daga mazubi sai ga lambar ta fito daidai, ta zama ɓangaren fatar kanta, launinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya. Wanda ya nemi sauya ta dole ya haƙe wurin ya cike da sabon haɗi, sabon haɗi kuwa da wuya launinsa ya dace da wanda rana ta daɗe tana dafawa.

Na alminiyam bugawa ake yi da ƙarafan lamba da guduma, kuma a nan ne gwaninta ke bayyana. Ƙarfen yana da taushi, bangon kuma siriri ne, saboda haka sai wani ya tokare bayan wurin da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, in ba haka ba bango ya lotsa, harafin kuma bai fito ba. Maƙeri yakan manna tef a miƙe ya zama masa layi, ya jera ƙarafan a kan benci bisa tsarin da za su shiga tun kafin ya ɗaga guduma, ya gwada a kan wani guntun ƙarfe, sa'an nan ya daidaita na farko a tsaye cak, ya sauke masa bugu ɗaya tak mai ƙarfi. Bugu na biyu shi ke ɓata aiki, domin ƙarfen ya riga ya ɗan goce, sai harafi ya fito da inuwa, 3 ta yi kama da 8, kuma kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa sai da barin irin tabon da zai sa a tuhumi mai gaskiya.

Katako kuwa ana sassaƙa shi da cizal ko a yi masa lalas, amma tilas a bi ramin haruffan da danƙon ifoksi ko fenti mai kyau, don kada ruwa ya sami ƙofar shiga ruɓa ta fara daga nan. Jirgin ƙarfe ana iya zana masa da walda. Na roba mai tauri, irin kayak, da ƙarfe mai zafi ko abin zane ake yi. Masu faranti suna haɗa danƙo da ƙusa irin wadda ake daddale kanta, domin sukurun da ake kwancewa da sukundireba cikin minti ɗaya bai cika sharaɗi ba, haka ma fenti ko takardar mannawa ta yau da kullum.

Akwai kuma wanda ya ƙera jirginsa da hannunsa a bayan gida don amfanin kansa, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a can. Shi ba shi da haruffan kamfani, ba a kuma yarda ya ƙago nasa ba. Ofishin jiharsa yake zuwa, a ba shi lamba wadda ta fara da haruffa biyu na jihar, sai Z, kamar FLZ ga Fulorida. Dasa ta kuma aikinsa ne. Wata dabara da ta yaɗu a tsakaninsu ita ce a rubuta lambar da baƙi, a ɗora ta a wurin, a lulluɓe da ƙyallen faiba marar kauri, a shafe da ifoksi garai-garai. In ya bushe ana karanta ta ta ciki, ba a kuwa isa gare ta sai an yage fatar.

Gyaran 1984 ya zo da ƙari guda mai muhimmanci, watau lamba ta biyu, irin ta farko harafi da harafi, wadda ake ɓoyewa a cikin jirgin ko a ƙarƙashin wani abin da aka ɗaura masa, inda ido ba ya kaiwa. Ɓarawo yana iya shafe dare yana gyara ta waje har ta yi kyau, alhali bai san inda 'yar'uwarta take kwance ba, ranar da mai bincike ya kwance wurin ya ga sun saɓa, magana ta ƙare.

Ba Amurka kaɗai ke da wannan ba, ba ita ta fara ba kuma. Tun dokar jiragen fatauci ta 1854 Ingila take sassaƙa lambar hukuma a kan babban gungumen da ke riƙe da jirgi. Tarayyar Turai ta wajabta tata a kan jiragen shaƙatawa daga 1998, mai haruffa da alƙaluma 14, domin an ƙara haruffa biyu na ƙasa a gaba. Manyan jiragen teku kuwa suna da lambar hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, mai alƙaluma 7, wadda ba ta sauyawa ko an sauya wa jirgi suna da tuta da mai shi.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. A babin tsintuwa malamai sun ce a yi cigiya shekara guda, kuma ba a miƙa wa mai da'awa sai ya siffanta abin, har jakarsa da igiyar da aka ɗaure ta. A babin ciniki kuma sun hana garari da ɓoye aibi. Jirgi abu ne da igiya kan tsinke masa, ambaliya ta tafi da shi, a tsince shi a garin da ba a san mai shi ba, kuma abu ne da ake sayarwa hannu zuwa hannu har a manta mafarinsa. Lamba tabbatacciya ita ce siffar da ba ta karɓar jayayya, tana hutar da alƙali, tana kuma kare mai saye daga biyan kuɗin samfurin bana a kan jirgin da ya shekara 10.

A ruwayenmu, daga Yawuri da tafkin Kainji har Lakwaja, inda hedkwatar hukumar kula da hanyoyin ruwan cikin ƙasa, NIWA, take tun kafa ta a 1997, mafi yawan jiragen da ke ɗaukar jama'a da buhunan hatsi ranar kasuwa na katako ne, masassaƙan gida ke yin su, kuma galibi shaidarsu ba ta wuce suna ko addu'ar da aka rubuta da fenti ba. Ba ina cewa lamba tana hana jirgi nutsewa ba ne. Lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar ruwa su ne ke kashe mutane, kamar yadda aka ga illar lodin a hatsarin jirgin Warra ta jihar Kebbi a watan Mayu 2021. Amma jami'in da ya ce ya duba jirgi, ya ƙayyade masa adadin fasinja, in babu lambar da aka ƙona a jikin katakon, da me zai tabbatar gobe cewa takardar da ke hannun matuƙi ta wannan jirgin ce ba ta wani ba? Ƙarfen lalas da ɗan gawayi ba su fi ƙarfin kowace tashar jirgi ba.

Yanzu kuma da jiragen faiba suke ƙara shigowa, sababbi da na hannu, wanda zai saya ya zagaya bayan jirgin, ya duƙa ta hannun dama, ya shafa wurin da yatsa. Idan ya ji tudu ko kwari, ko ya ga launin wurin ya bambanta da na kewayensa, ko haruffa sun karkace, ko ga ramukan tsofaffin ƙusoshi a gefen sabon faranti, to ya dakata. Ya ɗora farar takarda a kai ya goga da fensir har lambar ta fito, ya gwada ta da wadda ke cikin takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya, in ko harafi guda ya saɓa, kada ya biya.