Kwalin Digiri a Garin Ladi Kwali

Ana idar da sallar asuba motoci ke fara cika a Suleja. Ma'aikata da masu gadi da 'yan kasuwa, kowa na sauri ya ratsa Madalla da Zuba ya shiga Abuja kafin hanya ta cushe. A cikinsu ba a rasa saurayi rungume da ambulan mai ruwan ƙasa, da kwafin kwalin digiri da takardar gama bautar ƙasa a ciki. Da magariba ya dawo da amsar da ya saba ji: "Bar takardunka, za mu neme ka."

Irin wannan saurayi ne ke tambayar kansa ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ya yi shekaru a jami'ar Lapai ko Minna ko Gwagwalada, ga abokinsa da ya tsaya a sakandare ya kama gyaran waya a kasuwar IBB, yau da shagonsa da yaransa, har ya yi aure.

Shakkar nan tana da tushe. A 2020 malaman jami'a sun yi wata tara suna yajin aiki, a 2022 suka ƙara wata takwas, karatun shekara huɗu ya miƙe zuwa biyar ko shida. Mutanen yankin ba su manta da 15 ga Maris 2014 ba, ranar da masu neman aikin hukumar shige da fice suka yi turmutsutsu a filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wasu suka rasa rayukansu. Sama da mutum 500,000 ne suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba. Wanda ya dace da aiki ma, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashinsa.

Idan gardama ta yi zafi a majalisa, wani kan zaro naira ashirin ya nuna hoton Ladi Kwali: ga wadda ba ta yi boko ba, ta shiga duniya. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ladi ta gwanance a ginin tukwane tun a ƙauyensu, har Sarki Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, inda Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Duk da haka, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Cardew ya buɗe a Suleja, lokacin sunan garin Abuja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta zauna ta koyi juya yumɓu a kan faifai, da shafa masa ƙyalli, da gashi a wuta mai tsananin zafi. Daga nan tukwanenta suka kai Landan, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Gwaninta gare ta, ta kuma ƙara da koyo.

Idan aka dawo kan digiri, abin da ya fi damun mai lura shi ne yadda ake zaɓen kwas. Likita da lauya da ma'aikaciyar jinya ba su da hanya sai ta kwali, wannan ba gardama. Amma yara da yawa suna cike fom ɗin JAMB ba tare da wani babba ya zaunar da su ya tambaye su abin da suka iya ba, ko ina ake ɗaukar wanda ya karanta abin da suka rubuta. Uba ya biya kuɗin, ransa na kan ofis a Abuja. Yaro ya tsaya a bayan mai kwamfuta, da layi a bayansa, aka ce masa makinsa ba zai kai aikin likita ba, ya zaɓi wani abu. Cikin minti biyu ya nuna wani kwas da yatsa, aka danna.