Kashe Gobara Ba Tare Da Ɓata Littattafai Ba

Cikin watan Janairu 2021 gobara ta ci babbar kasuwar Sakkwato, dukiya mai yawa ta halaka. Hajar kasuwa in ta ƙone ana sayo wata. Amma littattafan hannu irin na Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello, waɗanda ke ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da gidajen malamai, in sun tafi sun tafi ke nan. Ga kuma wata matsala: ruwan da ke kashe wuta shi ma abokin gāban takarda ne, gama tawadar gawayi da ƙaro ba ta jure masa. Kowane almajiri mai wanke allo ya san haka.

Tun 1874 wani Ba'amurke, Henry Parmelee, ya ƙago bututun da ke yayyafa ruwa da kansa in wuta ta tashi. A irin na yau, ana toshe bakin kowane mayayyafi da 'yar kwalba, wadda ke fashewa in zafi ya kai digiri 68. Aibinsa ga ɗakin littattafai shi ne ruwa na kwance cikin bututun kullum. Leburan da ya bugi kwalbar da tsani sai ya jiƙa taska duka.

Saboda haka aka yi wani iri mai neman shaida biyu, kamar alƙali. Bututunsa iska ce ciki, ruwa kuwa yana tsare bayan makulli. Shaida ta fari, na'urar sansano hayaƙi ta buga ƙararrawa, ta buɗe makullin, ruwa ya cika bututu. Ta biyu, zafi ya fasa kwalba. Sa'an nan ne ruwa zai zubo, daga bakin da wutar ta taɓa kaɗai. In ƙurar hunturu ce ta ruɗi na'urar, ko ɗigo ba ya sauka. In kuwa kwalba ce ta fashe bisa kuskure, iska za ta fita, ƙararrawa ta kira mai gadi.

Ya fi na kullum tsada, yana kuma son kulawa ƙwarai. Lalle a tanadi tanki cike, da famfo, da injin da zai tashi in an ɗauke lantarki. Ƙarƙashin rufin kwano, inda zafin bazara ke taruwa, sai a sa kwalba mai jure digiri 79 ko 93.