Tafiyar sauri da ta sannu: motsa jikin da dattijo ma zai iya

'Yan'uwa, zama ya yi mana yawa: daga shago sai babur, daga babur sai tabarma. In gwiwa ta ƙi tashi daga sujada, sai mu ce tsufa ne.

A jami'ar Shinshu ta ƙasar Japan, Farfesa Hiroshi Nose da abokan aikinsa sun gwada wata hanya a kan dattawa. Mutum ya yi tafiyar sauri minti 3 har numfashinsa ya ɗaga, sannan ya sassauta minti 3. A maimaita sau 5, kwana 4 a mako. Sakamakon da suka fitar a 2007 ya nuna ƙarfin cinya ya ƙaru, hawan jini ya sauka, fiye da na masu tafiya a taki ɗaya. A ƙasashenmu masu zafi, bayan Asuba ya fi. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Amma shayin majalisa mai tulin sukari yana cinye ribar wannan wahala. Haka gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, alhali dunƙulen miya cike yake da shi. A rage dunƙule, a ƙara wake da zogale.