Masu Tallar Asuba a Kan Bishiya

Matar gida ba ta buƙatar leƙa zaure kafin ta san mai tallar da ke wucewa. Tana daga ɗaki za ta ce da yaro, "Maza tsayar min da mai kokon nan, ba ta farkon ba, ta biyun." Ba ganinta ta yi ba. Ta dai san lokacin fitowarta, ta san inda take jan murya da inda take katse ta. Baƙon da ya kwana a gidan kuwa hayaniya kawai yake ji.

Da irin wannan kunne masu sha'awar kukan tsuntsaye suke aiki. Ana idar da sallar asuba su fita da waya ko rikoda, su tsaya a bakin gona ko gindin tsamiya, su naɗi abin da ke tashi daga rassa. Tsuntsayen ma talla suke yi: namiji na shelar cewa wurin nan yana da mai shi, yana kuma neman mace, shi ya sa kukan ya fi yawa a lokacin sheƙa. Asuba ta dace da su domin iska a kwance take, babura da injin markaɗe ba su tashi ba, haske kuma bai isa a fita kiwo ba.

Kowa da salon kiransa. Makwarwa kan hau suri ta yi ta kuka da murya mai kaushi. Ragon maza kukansa mai zurfi ne, yana gangarowa a jere. Cilakowa fito take yi siriri, kurciya kuwa a tausashe take maimaita nata. Mai koyo ba ya haɗiye su duka rana ɗaya. Yakan riƙe muryoyi biyu ko uku na unguwarsu har su zauna masa, daga nan duk wadda ta shigo sabuwa kunnensa zai tsinto ta. Bayan ya naɗa, sai ya faɗi wuri da rana da lokaci a ƙarshen faifan, don kukan da ba a san inda aka ɗauke shi ba amfaninsa kaɗan ne.

Yanzu akwai manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, wadda tun 2021 take sauraron kuka ta faɗi sunan mai shi. Sai dai a ƙasarmu baƙuwa ce: ta fi sanin tsuntsayen Amurka da Turai, domin daga can aka fi tara muryoyin da aka horar da ita da su. Taskar xeno-canto, da aka buɗe a 2005, tana karɓar naɗi daga kowa, kuma a Jos akwai cibiyar APLORI da ke nazarin tsuntsaye a dajin Amurum. Kenan abin da aka naɗo a dausayin Haɗeja da Nguru ko a fadamar ƙauye yana da masu nema.

A nan manomi da makiyayi suka yi wa manhaja nisa, don tun suna yara suke jin waɗannan muryoyi, sun san su da sunayensu na Hausa. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Mai hankalin muna da shi, saura a ba shi rikoda.