Ƙungiyoyin ƴan mata: abin da iyaye ke tsoro, da abin da ya kamata su tambaya

A unguwanni da ƙauyuka da dama na jahohin Maradi, Damagaram da Tawa, an saba ganin ƴan mata zaune bisa tabarmi a harabar lakwal ko a zauren mai unguwa, wata mace tana tsaye gaban allo tana yi musu bayani. Masu furoje na kiran irin wannan zama “wurin aminci”. Ana koyar da karatu da rubutu, lissafin kuɗi, tsabtar jiki, sha'anin haila, da haɗarin haihuwa kafin jiki ya ƙosa. Sai dai a gidaje da yawa, tun kafin yarinya ta ɗauki hijabinta ta fita, gardama ta riga ta tashi: me ake koya musu a can, wa ke koyarwa, kuma wa ke tsaron mutuncinsu idan sun bar idon uwa?

Gardamar ba ta tsaya a tsakar gida ba. Sau da yawa wan yarinya da ke cin rani a Aljeriya, Libiya, Legas ko Abijan shi ke aiko da kuɗin cefane, don haka maganarsa na da nauyi. Saƙon murya guda a WhatsApp ya isa a ce wa ƙanwa ta daina zuwa.

Daga ina ƙungiyoyin suka fito

Taruwar matasa a ƙungiya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Akwai samariya, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita a shekarun 1970, ga fada ta samari a kowace unguwa, ga kuma adashin mata. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jahar Maradi, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Sabon abu shi ne ware ƴan mata masu tasowa a ba su darasi na musamman. A 2013 gwamnatin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, UNFPA, suka ƙaddamar da shirin Illimin domin ƴan mata masu shekara 10 zuwa 19, musamman waɗanda ba su shiga lakwal ba ko suka bar ta. A 2015 shirin SWEDD, wanda Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi a ƙasashen Sahel, ya zo da irin wannan tsari.

Dalilin da masu shirin ke bayarwa yana cikin alƙalumma. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. A jahar Maradi adadin ya kusa kashi 90. Duk wanda ya taɓa jinyar mai yoyon fitsari ya san abin da doguwar naƙuda ke yi wa ƙaramar yarinya.

Kalmar da ke tayar da ƙura

Tsoro na farko ya rataya ne a kan kalma guda: jinsi. A takardun furoje, ilimin jinsi na nufin magana a kan rabon aiki da dama tsakanin mace da namiji: me ya sa yarinya ke talla yayin da ɗan'uwanta ke aji, wa ke da ta cewa a kan kuɗin da mace ta samu, ina za ta kai kuka idan an dake ta. Amma mahaifin da ke bin labarai a salula yana jin kalmar da wata ma'ana dabam, domin a Turai da Amurka an jima ana jayayya a kan sauya jinsi.

Jayayyar can gaskiya ce. A Ingila, ƙungiyar ƴan mata ta Girlguiding ta shafe shekaru tana fuskantar ƙorafin wasu iyaye a kan karɓar yaran da aka haifa maza amma suke ɗaukar kansu mata, musamman batun wurin kwana a lokacin zango. A watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar “mace” a dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin haihuwa. Irin waɗannan labarai kan iso Zinder ko Konni a guntun bidiyo, babu sunan ƙasa, babu kwanan wata, sai a ɗora su a kan zaman da ake yi a bayan gida.

Ko ba bidiyo, Nijar na da nata tarihin. A 2006 majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata. A 2012 ƙudurin dokar kare ƴan mata ƴan lakwal ya maƙale a majalisa bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun nuna adawa. A 2014 gwamnati ta janye darasin lafiyar jima'i da haihuwa daga makarantun sakandare bayan irin wannan kuka. Sai a watan Disamba na 2017 aka samu dokar shugaban ƙasa mai lamba 2017-935 ta kare yarinya da tallafa mata a lokacin karatu. Darasin da ke cikin wannan jerin a bayyane yake: duk abin da iyaye da malamai suka ji labarinsa daga baya, sukan ɗauke shi a matsayin abin da aka ɓoye musu, ko da alheri ne a cikinsa.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba

Tsoro na biyu ya fi kusa da gida, amma kunya kan hana a furta shi. Yarinya ta fita da la'asar, zaman ya ja har magariba, ta dawo ita kaɗai ko a bayan ɗan kabu-kabu. Wani ma'aikacin furoje ya karɓi lambar wayarta da sunan rajista, sai ga saƙo da dare. An raba sabulu, ƙunzugu ko jarin sana'a, kuma mutum guda ke da ikon sa suna ko cire shi. An ɗauki hoton ƴan mata an sa a Facebook ba tare da izinin kowa ba.

Wannan tsoro yana da tushe. A 2021 wani kwamiti mai zaman kansa ya binciki aikin yaƙi da cutar Ebola a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ya gano mutum 83 da ake zargi da lalata da mata da ƴan mata, 21 daga cikinsu ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya. Da yawa an yaudare su ne da alƙawarin aiki. Inda talauci ya haɗu da mai rabon abu, ɓarna na samun ƙofa, komai girman sunan da ke jikin mota.

Abin lura kuma shi ne, irin wannan haɗari na bin yarinya har wurin talla, tashar mota, gidan aikatau, wani lokaci ma cikin dangi. Yarinyar da aka hana zuwa ƙungiya aka ɗora mata farantin talla ba ta tsira ba. Ta dai rasa wurin da za a gaya mata cewa jikinta amana ne, kuma idan wani ya taɓa ta tana da wanda za ta faɗa wa.

Tambayoyin da ke raba tsaki da tsakuwa

Uba, uwa ko wa da ke nesa na iya gane ƙungiyar kirki da tambayoyi kaɗan. Wace ce jagorar ƴan matan, ƴar unguwa ce da aka san gidansu da halinta? Mai unguwa, liman da magajin gari sun san da zaman? A ina ake yi, ƙarfe nawa ake tashi, kuma uwa na iya leƙowa ba tare da ta nemi izini ba? Ana iya nuna littafin darasin, a karanta shi da Hausa a gaban iyaye? Namiji na keɓewa da yarinya, ko ƙa'ida ta hana? Wa ke riƙe da lambobin waya da hotuna? Idan yarinya na da ƙorafi a kan jagorar kanta, wa za ta kai wa?

Ƙungiyar da ta amsa waɗannan da sakin fuska ta cancanci a ba ta dama. Wadda ta fara kame-kame ko ta ce darasin sirri ne, ta ba da amsa da kanta. Idan kuma ɓarna ta riga ta auku, rufa-rufa don gudun abin kunya mai laifi take karewa. Asibiti ne matakin farko, cikin gaggawa, sannan ƴan sanda ko jandarma, da ofishin kare yara na jaha.

Nauyin da ke kan masu shiri

Masu furoje ma na da aiki a gabansu. Makarantun mazaje da aka fara a jahar Damagaram sun samu karɓuwa ne domin an bi ta hannun sarakuna da malamai, an kuma zaɓi magidanta da gari ya yarda da su. Darasin haila da balaga ba baƙo ba ne a wurin Musulmi, domin littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure, irin su Ahalari da Risala, sun yi bayanin haila da wanka dalla-dalla. Abin da iyaye ke ƙi shi ne a yi wa ƴarsu magana da harshen da su ba a yi musu da shi ba.

Ga ɗan'uwan da ke ƙasar waje kuwa, kafin ya aika saƙon hani, yana iya roƙon inna ko yaya ta je ta zauna a zaman sau ɗaya, ta ga jagorar, ta ji darasin da kunnenta. Gani ya kori ji, kuma kuɗin kati ɗaya ya isa ya ji abin da ta gano.