Mario da Sonic a fili ɗaya: abin da ya sa wasan Super Smash Bros. ya samu kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da jakunkunan ƴan makaranta, ko riguna da silifas na yara a Konni, Illela, Ɗan Isa, Jibiya ko Maigatari, ya san wasu fuskoki ko da bai san sunayensu ba. Akwai gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula, akwai shuɗiyar bushiya mai jan takalmi, akwai kuma wata ƴar dabba rawaya mai jajayen kumatu. Su ne Mario da Sonic da Pikachu, kuma dukansu daga wasannin bidiyo na ƙasar Japan suka fito. To, akwai wani wasa guda da ya tara su a fili ɗaya suna dambacewa, sunansa Super Smash Bros. Ya zuwa shekarar 2025 an sayar da fiye da miliyan 35 na fitowarsa ta baya-bayan nan kaɗai, abin da babu wani wasan faɗa da ya taɓa yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wa masu karatu abin da ke jan mutane zuwa gare shi, da kuma abin da ya kamata mai sa kuɗinsa a wannan haja ya sani.

Asalin wasan

Kamfanin Nintendo ne mai wasan. Tsohon kamfani ne da aka kafa a birnin Kiyoto a 1889, kuma da sayar da karta ya fara kafin ya shiga harkar na'urorin wasa. Wanda ya ƙirƙiro wasan wani matashi ne a lokacin mai suna Masahiro Sakurai, ma'aikaci a wani ƙaramin kamfani da ake kira HAL Laboratory. Wanda ya taya shi aikin farko shi ne Satoru Iwata, wanda daga baya ya zama shugaban Nintendo a 2002 har rasuwarsa a 2015.

Da farko sun haɗa wasan ne da wasu mutum-mutumi marasa suna, waɗanda babu wanda ya san su. Sakurai ya lura cewa wasan yana da daɗi, amma ba shi da fuskar da za ta ja mai saye. Sai ya ɗauko Mario da wasu jarumai uku na Nintendo ya saka a ciki, sa'annan ya kai wa kamfanin ya nemi izini. Aka amince. A watan Janairun 1999 wasan ya fito a Japan a kan na'urar Nintendo 64 da jarumai 12, kuma aka sayar da fiye da miliyan 5.

Dokar da kowa zai gane cikin minti biyu

Kafin wannan lokaci, wasannin faɗa irin su Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992 duk tsarinsu ɗaya ne. Mutum biyu ne ke karawa, kowa da ma'aunin ƙarfinsa a saman allo, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Kuma kafin mutum ya iya fitar da bugu mai ƙarfi sai ya haddace jerin madannai masu wuya. Sakamakon haka, gwani kan yi wa baƙo kaca-kaca tun bai gane abin da ake yi ba. Sakurai da kansa ya taɓa ba da labarin yadda ya lallasa wata baƙuwa a gidan wasa a wasan The King of Fighters, daga baya ya gane ba ta iya ba, abin kuma ya dame shi.

Don haka ya sauya doka. A Super Smash Bros. babu ma'aunin da ke ƙarewa. Kowane ɗan wasa yana farawa da lamba 0, duk bugun da ya sha lambar na hawa, kuma gwargwadon hawanta gwargwadon nisan da zai yi idan aka make shi. Kaye shi ne a fitar da mutum daga fili gaba ɗaya, kusan kamar kokowar gargajiyar Japan da ake kira sumo, inda fita daga da'ira ke zama faɗuwa. Amma ko an wurga mutum waje, yana da damar yin tsalle ya kamo bakin fili ya dawo. Wannan dawowar ita ce ke sa ƴan kallo ihu, domin sau da yawa wanda aka fid da rai da shi ne ke komowa ya kayar da mai rinjaye.

Madannan ma an sauƙaƙa su. Madanni ɗaya na bugu ne, ɗaya na bugu na musamman, sai mutum ya haɗa da sama, ƙasa ko gefe. Wanda ya iya sarrafa Mario zai iya ɗaukar kowane jarumi nan take, domin tsarin bai sauya ba.

Sai kuma batun sa'a. Ana cikin faɗa sai kayayyaki su riƙa faɗowa daga sama: guduma, bam, sandar bugu, abinci mai rage rauni. Ƙaramin yaro da ya riga yayansa ɗaukar guduma yana iya kora shi waje. Tun fitowar farko mutum huɗu ke wasa tare, kuma daga 2014 aka kai mutum takwas a allo ɗaya. Idan gwani ya yi fice, sai sauran su haɗa masa kai. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi.

Kowa da gwaninsa

Mu nan mun san abin da ke cika filin kokowa idan lokacin gasar takobi ya zo: kowace jiha ta kawo nata, kowa kuma yana son ya ga na gidansu ya kayar da na maƙwabta. Haka wannan wasa yake ga waɗanda suka tashi da wasannin bidiyo. Shekara da shekaru yara a Japan da Turai da Amurka suna gardamar wa zai kayar da wa tsakanin Mario da Sonic, domin a shekarun 1990 kamfanonin Nintendo da Sega kishiyoyi ne a kasuwa, kowa na tallan na'urarsa yana kushe ta ɗan'uwansa. A 2001 Sega ya daina ƙera na'ura, ya koma yin wasanni kawai. A 2008, lokacin da fitowa ta uku mai suna Brawl ta zo a kan na'urar Wii, sai ga Sonic a ciki, tare da Solid Snake na kamfanin Konami. Gardamar da ake yi da baki ta koma fili.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A fitowar 2014 aka shigo da Pac-Man, wanda tun 1980 ake wasa da shi, da Mega Man, daga baya da Ryu na Street Fighter. A ranar 7 ga Disambar 2018 fitowa ta biyar mai suna Ultimate ta zo a kan na'urar Switch, aka dawo da duk jarumin da ya taɓa shiga wasan ba tare da an bar ko ɗaya ba. Aka ci gaba da ƙarawa har watan Oktoban 2021, inda adadin ya haura 80. Uba da ya yi wasan Pac-Man yana yaro da ɗansa da ya tashi da Minecraft, kowa zai tarar da nasa a ciki.

Cinikin da ke bayan fage

A nan ne abin ya shafi tunanin ɗan kasuwa. Kowane jarumi haja ce ta wani kamfani, kuma ba a ɗaukar sa sai da yarjejeniya. Kamfanin Microsoft yana da tasa na'urar mai suna Xbox da ke gogayya da ta Nintendo, amma ya ba da aron jarumansa: Banjo da Kazooie a 2019, da Steve na Minecraft a 2020. Na ƙarshe da aka saka, Sora, sai da kamfanin Disney ya amince. Me ya sa kishiya za ta ba kishiya aron kayanta? Saboda fitowa a wannan fili talla ce a gaban miliyoyin mutane. Wanda ya ga jarumin da bai sani ba ya burge shi, gobe zai je ya nemi wasan da ya fito daga ciki. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na Marth da Roy, waɗanda suka fito a Melee na 2001 alhali ba a taɓa sayar da wasansu na Fire Emblem a wajen Japan ba. A 2003 aka fara kai shi Amurka. Duk wanda ya san yadda rumfunan masu haja iri ɗaya ke jeruwa a layi guda don mai saye ya san inda zai nufa, ya gane wannan lissafi.

Sai dai tara manyan sunaye kaɗai ba ya wadatarwa. Kamfanin Sony ya gwada nasa a 2012 da PlayStation All-Stars Battle Royale, bai sake yin na biyu ba. Kamfanin Warner ya tara Batman da Superman da Tom da Jerry a wasan MultiVersus, amma a watan Mayun 2025 aka rufe shi a intanet. Suna yana kawo mai saye bakin rumfa, ingancin kaya ne ke sa ya dawo.

Daga ɗakin gida zuwa gasa

Abin mamaki shi ne wasan da aka yi don baƙi ya zama na gwanaye. Masu gasa sukan kashe kayan da ke faɗowa daga sama, su zaɓi fili shimfiɗaɗɗe, su kara mutum da mutum. Melee na 2001, wanda aka sayar da fiye da miliyan 7, ya fi shekara ashirin ana gasarsa. A 2013 masoyansa suka tara kusan dalar Amurka 95,000 don binciken cutar sankarar mama, abin da ya ba wasan gurbi a babbar gasar EVO ta birnin Las Begas. Nintendo ya so hana nuna gasar a intanet, jama'a suka yi ca, ya janye cikin ƴan sa'o'i. A 2019 fiye da mutum 3,000 suka shiga gasar Ultimate a EVO, wani matashi ɗan ƙasar Meziko da ake kira MkLeo ya lashe.

Abin lura ga mai saye da mai sayarwa

A garuruwanmu PlayStation ce ta mamaye gidajen gem, da wasan ƙwallo da Mortal Kombat. Don haka abu na farko da za a sani shi ne Super Smash Bros. ba ya hawa kan PlayStation ko Xbox, na'urar Nintendo kaɗai yake bi. Duk wanda ya kawo maka faifan PlayStation da sunan wannan wasa, to, ba na gaskiya ba ne.

Na biyu, tsofaffin na'urorin gwanjo irin su GameCube da Wii an ɗaure su da yanki. Na'urar da aka yi don Amurka ba ta karɓar faifan Turai. Haka kuma abin wutar waɗanda aka yi don Amurka ko Japan na ƙarfin 100 zuwa 120 ne, namu kuwa 220 ne ko sama, idan aka jona kai tsaye sai ya ƙone. Switch ba ta da wannan matsala ta wuta, kuma tana da batir da allonta, ana iya ci gaba da wasa na wasu sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025 ita ma tana karɓar kaset ɗin Ultimate.

Na uku, wanda ya kunna Ultimate sabo zai tarar da jarumai takwas kacal. Kada a ce an yi ha'inci, haka aka tsara shi, sauran suna buɗewa ne yayin da ake ta wasa. Amma waɗanda aka ƙara daga baya, irin su Steve da Sora da Kazuya na Tekken, ba sa cikin kaset. Daban ake sayen su ta intanet, kuma suna maƙale ne da asusun wanda ya saya. Kada mai sayarwa ya yi alkawarin abin da ba ya cikin kwali.

Ga mai gidan gem kuwa, lissafin a fili yake: a Mortal Kombat mutum biyu ke zama gaban talabijin ɗaya, a nan kuwa huɗu ne ko takwas, kuma karawa ba ta wuce ƴan mintoci. Amma kowane ɗan wasa sai da nasa madannin hannu, kuma na Nintendo sun fi wuyar samu a kasuwanninmu idan sun lalace. A tambayi hanyar samun kayan gyara kafin a zuba jari.

Ga iyaye, wasan ba shi da jini ko yanke-yanken da aka san Mortal Kombat da su. Wanda aka kayar yakan bayyana a ƙarshe yana tafa wa wanda ya ci. A Turai an sa masa alamar shekara 12, a Amurka shekara 10 zuwa sama, alhali Mortal Kombat na manya ne. Wannan ba ya nufin a sakar wa yaro. Daɗin wasan shi ne haɗarinsa, domin wanda aka kayar kullum gani yake saura ƙiris, sai ya ce a sake. Ta haka kuɗin aike da lokacin makaranta da na salla ke tafiya. Muna kira ga masu gidajen gem su hana yara shiga a lokacin karatu, kada kuma su bari a sa kuɗi a kan karawa, domin da zarar caca ta shiga, wasan da aka yi don ya haɗa yaya da ƙane sai ya zama sanadin faɗa na gaske. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a.