Yadda Ingila Ke Horar da Malaman Darasin Zama Ɗan Ƙasa

A shekarar 1997, ministan ilimi David Blunkett ya kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon malaminsa na jami'a, Farfesa Bernard Crick, domin duba yadda makarantun Ingila za su shirya matasa shiga harkokin jama'a. Rahoton kwamitin ya fito a 1998, ya kasa aikin gida uku: sanin hakkin da ke kan mutum, hidimar al'umma, da wayewar siyasa. Wannan na ukun yana nufin ɗalibi ya san yadda ake yin doka, wa ke riƙe da wane iko, da hanyar da talaka zai bi a ji kukansa. Daga 2002 darasin zama ɗan ƙasa ya zama wajibi ga 'yan shekara 11 zuwa 16.

Sabon darasi yana bukatar sababbin malamai, don haka tun 2001 jami'o'i suka fara horar da su. Galibi masu digiri ne a kimiyyar siyasa, shari'a ko nazarin zamantakewa, suna yin kwas na shekara guda da ake kira PGCE, kuma mafi yawan shekarar a makarantu suke yin ta, ƙarƙashin kulawar gogaggen malami.

Koyar da tsarin majalisa da zaɓe ba shi ne mai wuya ba. Wuyar tana wajen batutuwan da kan jama'a ya rabu a kansu, kamar shigowar baƙi ko haraji. Dokar ilimi ta 1996 ta hana cusa wa ɗalibai ra'ayin wata jam'iyya, ta kuma ce a gabatar da ɓangarori da adalci. Rahoton Crick ya bayyana hanyoyi uku da malami zai iya bi. Ko dai ya zama kamar alƙalin muhawara, ya ja bakinsa ya bar ɗalibai su fafata. Ko ya tabbatar an ji kowane ɓangare, har ya kare wanda ba shi da mai kare shi a ajin. Ko ya faɗi nasa ra'ayin a fili domin ɗalibai su auna maganarsa. Kowace hanya tana da rauninta idan aka dogara da ita kaɗai, shi ya sa ake koya wa sabon malami sanin lokacin da ya dace da kowacce.

Sai dai ƙwararrun ba su wadata ba, don haka makarantu da dama suka ɗora darasin a kan malaman wasu fannoni. Wanda bai samu horo ba kuwa yakan kauce wa muhawara saboda tsoron zargin son kai, ya koma bayar da rubutu a allo. Ɗalibai sai su haddace sunayen hukumomi ba tare da sun koyi kafa hujja ko sauraron abokin jayayya ba. A ganina, kuɗin da aka kashe wajen horar da malamin shi ke tabbatar da ko manhajar za ta yi amfani.